Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Wurno,
ƙarshen watan Disamba.

Zuwa ga ɗana Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Goggonka Ige da duk mutanen gidanku na Goronyo. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya raba ka da sharrin hanya da na mutanen hanya.

Na san layin farko ne zai fara ba ka mamaki. Shekararka ashirin da bakwai a duniya, ba ka taɓa jin sunan nan daga bakina ba. Kai ne ɗan fari, mu kuwa haka muka tashi muka tarar: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an yaye shi ma sai a miƙa shi wani gida. Ɗan Goggo nake ce maka, ko wancan, in ka ɓata mini rai kuma mai ƙaton kai. Alƙalami dai ba ya jin kunya, shi ya sa na ɗauko shi.

Ga abin da ya sa. Ran Talatar da ta wuce ka same ni a wurin shanya ina motsa shinkafa. Ka tsuguna ka gaishe ni, ka ce, "Inna, an ɗauke ni aiki Kano, wurin masu haɗa injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Ranar Asabar ta sama zan tahi." Ni kuma ban ko ɗago kai ba na ce, "To. Allah shi sa alheri." Sai na ƙara da cewa, "Kore min awakin can kada su shiga shanya." Ka tashi ka kore su, ka sa takalmanka, ka tafi.

Washegari sai ga Goggonka a bayan kabu-kabu, tsohuwa da ciwon gwiwa, tun daga Goronyo. Ko ruwa ba ta sha ba ta hau ni.

"Ke Hauwa, wace irin zuciya ag gare ki? Yaron ga ya koma gida ko tuwo bai ci ba. Yac ce min, 'Goggo, ke ta uwata. Inna ko na tahi ko na zamna dut ɗaya na gare ta. In na tahi, mi zan dawo nema Wurno?'"

Na ce, "Goggo, kin dai san al'ada."

Ta ce, "Na riga ki saninta. Suna anka ce ki ɓoye. Wa yac ce ki ɓoye zuciya har yaro shi ɗauka babu ta?"

Maganar nan ta yi mini zafi, ta kuma tsorata ni. Ina tsoron ka hau mota ran Asabar da wannan tunani a ranka, ka je ka yi gida a can, Wurno ta zama garin da kake aiko wa da gaisuwa ranar Salla. Ba kuɗinka nake tsoron rasawa ba, kai nake tsoron rasawa.

Ka san halina, duk ƙarshen shekara nakan wanke tukwanen aiki in kife su kwana ɗaya, in zauna in tuna inda na yi daidai da inda na kauce. Bana da na zauna sai na wuce shekarar nan na koma can baya, na ga kurakuraina kusan duk uwarsu ɗaya, wato rufe baki a inda ya kamata in buɗe. Kai kuma a nan albasa ta yi halin ruwa, don irin shirun nan nawa ka kwaso. Bari in ba ka su yadda suka faru, ko ka tsallake ramin da na faɗa.

An kawo ni Wurno daga Maikujera ban san komai game da shinkafa ba sai cinta. Mu can mutanen gero da dawa ne. Har yau in na rufe ido ina ganin rumbunan kakanka guda uku a bayan gida, da mu 'yan mata muna sussuka muna waƙa, da hurar da kakarka ke damawa a babbar ƙwarya mu kewaye ta da ludaya. Nan kuwa na tarar da fadama shimfiɗe har iyakar gani, kowace mace da tukunyarta ta gumi, wato turara shinkafa. Bayan an yaye ka an kai ka Goronyo, ɗaki ya yi mini faɗi, hannuna ya rasa abin riƙewa. Sai na ce wa marigayi babanka ni ma zan fara gumi. Allah ya jiƙansa, bai yi mini dariya ba. Ya ɗauko buhu guda daga nomansa, ya ɗora a keke, ya sauke mini a ƙofar ɗaki.

Ka san aikin: a jiƙa shinkafa ta kwana, a turara ta har ƙaiƙayi ya buɗe baki, a shanya, sannan a kai inji. Na leƙa ta katanga na ga yadda ake yi, na ce ai ba wani abu ba ne. Amma duk ranar da na kai inji, tawa sai ta fito a kakkarye, rabi shinkafa rabi tsaki. Ta maƙwabciyarmu Kulu kuwa, 'yar Rabah, sai ta fito dogo-dogo tana sheƙi. Kulu ƙanwar bayana ce, ni na riga ta shigowa unguwar, shi ya sa na ga tambayarta faɗuwa ce. Na zargi inji, na zargi iri, na zargi itace, har na fara zargin ko baki ne ya kama ni. Shekara uku cur ina wannan wauta.

Wata rana da azahar Kulu ta shigo aron rariya, ta tarar da shanyata a tsakiyar rana tana ƙonewa. Ta riƙe baki ta ce, "Yaya Hauwa, nan kika barinta har ta bushe? Ai in ta sha rana rabi sai a jaye ta inuwa ta ƙarasa. Rana ita ka hwasa ta ciki." Shi ke nan fa. Abin da ya ci mini shekara uku, ta faɗe shi kafin in miƙo mata rariya.

Saboda haka in ka je wurin aikin nan, ka tambaya. Na san ka da injuna tun kana gyara na mutanen fadama, amma na can daban ne, kuma za ka tarar da waɗanda ka girma sun fi ka saninsu. Ka ce ban gane ba, a sake maka. Kanawa za su yi dariyar "mi" ɗinka kwana biyu, ka bar su su yi, ba a kan harshe aka ɗauke ka ba. Matambayi ba ya ɓata, mai leƙe ta katanga kuwa rabin aiki yake gani.

Akwai wanda ya fi wannan muni a cikin shekarun ukun nan, ban taɓa gaya wa ko babanka ba. Wata mata daga Rimawa takan sayi shinkafa a hannuna. Da 'yarta ta haihu ta ce in cika mata buhu na abincin suna. Mai kyau ba ta isa ba, kuma na ji nauyin in ce mata ba ta isa ba. Sai na zuba tsaki a ƙasa, na rufe da mai kyau a sama. Matar nan ba ta dawo ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Shekara da shekaru tana wucewa ta gaban tabarmata a kasuwa, ta gaishe ni da fara'a, ta tambayi mutanen gida, ta je ta saya a gaba. Har ta rasu ban nemi gafararta ba, kullum ina cewa sai kasuwa mai zuwa. In ka lalata wani abu a wurin aiki, ko aka ba ka abin da ba za ka iya gamawa a kan lokaci ba, ka faɗa da bakinka tun kafin a gano. Za a yi maka faɗa na yini ɗaya, washegari a sake ba ka aiki.

Da hannuna ya faɗa, shinkafata ta yi suna. Har daga Achida ake aiko a saya. Na sayi tukunya ta biyu, na sayi tumaki, na fara jin kaina. Daga nan sai na zama Hauwa mai gumi wadda ba ta cewa babu. Biki a Maikujera, ni. Suna a Rabah, ni. Wanda na sani da wanda sai an yi mini dogon bayani kafin in gane dangantakarmu, kowa ya zo sai ya koma da abu a hannu. Ba zan yi maka ƙarya in ce duk don Allah na yi ba. Rabi don Allah, rabi don kada a ce. Tumaki suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Shekarar da ruwa ya ci fadama, shinkafa ta yi tsada, na duba ban da abin saro ko buhu guda. Na sayar da tukunyar nan ta biyu, na koma ina yi wa Kulu aikin motsa shanya ana ba ni ladan yini. Waɗanda na yi wa hidima ba su yi mini mugunta ba, ba su dai sani ba ne, don ban gaya wa kowa ba.

A lokacin ne na tuna da kakanka. Kowace kaka, kafin a sa dami ɗaya a rumbu, yakan zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya ɗaure daban, ya rataye a ɗakinsa. Wannan iri ne. Akwai shekarar da muka yi kwana da kwanaki muna cin ganyen tafasa da ɗan gari, damin nan na rataye muna kallonsa, bai taɓa shi ba. Mu yara muna ganin rowa ce, sai da damina ta sauka muka ga maƙwabta na yawon neman abin shukawa.

Albashi zai fara shigo maka, kuma labari zai riga ka isowa gida. Ka yi alheri, ban haife ka don ka zama marowaci ba, Goggonka kuma ita ce farko, don ta ci wannan da guminta. Amma ranar da kuɗi suka shigo, kafin ka taɓa ko sisi, ka cire iri ka rataye inda hannunka ba ya saurin kai. Wanda ya zo da buƙata ka ba shi abin da za ka iya, ka dube shi ka ce iyakar ƙarfina ke nan. Ko ni ce na aiko, in babu ka ce babu. Ba zan yi fushi ba, in ma na yi zan huce.

Sai maganar jiki. Wajen shekara tara da suka wuce na fara ciwon kai da jiri. Na ce hayaƙi ne. Na ɗaure kai da ɗankwali na ci gaba, don a ganina mace mai faɗin ciwonta raguwa ce. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ni kuwa na mai da nawa rumbu. Ran nan ina sauke tukunya sai duniya ta juya, na faɗi a gefen murhu. Tabon da ke hannuna na dama, wanda na ce muku tafasasshen ruwa ne ya fallatsar mini, a nan na samo shi.

Kulu ce ta ja ni zuwa ƙaramin asibitin unguwa. A can na haɗu da Malama Rifkatu, mutuniyar Zuru, wadda aka turo aiki garinmu. Ta ɗaura mini abin awo a hannu, ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Maman Lawali, tun yaushe kike jin wannan?" A gaban mata sun fi goma ta faɗi haka! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matan suka yi ta ƙunshe dariya, ita ko ba ta san ta yi wani abu ba. Amma bari in gaya maka gaskiya, daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. Ba wanda ya taɓa haɗa ni da kai a suna ɗaya sai ita. Na ce mata wata biyu. Ta harare ni, na ce shekara biyu. Ta ce hawan jini ne, kuma da na ƙara wata shida a haka, da sai dai a ɗauko ni a kwance.

Kai ma haka kake. Na ga lokacin da zazzaɓi ya kama ka bara, kana rawar sanyi kana cewa gajiya ce. A Kano ba Goggo, ba mai duba idonka ya gane. In jiki ya yi maka magana ka je asibiti tun kana iya zuwa da ƙafarka. Ka ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a yini, shayi da burodi ba abinci ba ne ko da Kanawa sun rantse. Ka nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah wanda za ka iya ce wa yau raina ba daɗi. Kada ka bar salla, kada kuma ka bar barci don neman a yabe ka.

Malama Rifkatu ce ta koya mini rubutun da kake karantawa. Ta rubuta mini ranakun dawowa a kati, na ce ban iya karatu ba, ta ce to sai mu gyara wannan ma. Bayan la'asar in ta tashi aiki mukan zauna ƙarƙashin dogon yaron da ke bakin asibiti, ni da littafin 'yan aji ɗaya, ina dab da shekara arba'in. Mata suka yi ta yi mini tsiya, na ce an ce gemu ba ya hana ilimi, ni ko gemun ma ba ni da shi. Ranar farko ta ce mu fara da sunana. Na ce a'a, akwai wanda nake so a fara da shi. Na kasa faɗa, sai ita ta gane ta rubuta. A shekarar ka gama sakandare, babanka ya kawo takardar sakamakonka ya ajiye a akwati. In ba kowa a gida nakan ɗauko ta. Turancin ba na ganewa, amma ina sa yatsa a kan layin da sunanka yake. An mai da Malama garinsu tuni, ina yi mata fatan alheri duk inda take. Kada ka ce ka girma da koyon abu, kuma kada ka raina wanda Allah zai turo ya koya maka, ko daga ina ya fito.

Saura babban, wanda saboda shi na ɗauko takarda. Kana ƙarami, kusan kowace ranar kasuwar Goronyo nakan ɗora buhu a mota in tafi. Babanka ya sha tambayata, ga masu saye har ƙofar gida, me ya kai ni biyan kuɗin mota? Nakan ce can ta fi daraja. Ƙarya nake yi, ba ta fi ba. Nakan shimfiɗa tabarma a kusa da masu tafarnuwa, don ta nan Goggonka ke bi in ta shigo kasuwa, kana riƙe da gefen zanenta. Ta nan na ga ranar da aka yi maka sabon aski, na ga lokacin da haƙoranka na gaba suka fita, na ga rigar makarantarka ta farko da ta yi maka yawa.

Wata ranar kasuwa, kana da shekara shida, ka saki Goggo ka rugo wurina. Ka kama zanena ka ce, "Inna, yau ni gida za ni bi ki." Matan Wurno na zaune a gefena, duk suka zuba mini ido su ga abin da zan yi. Na fizge zanena na ce, "Tahi wurin uwakka." Ka tsaya ka dube ni, ba ka yi kuka ba, ka juya ka tafi. Matan suka ce kai, Hauwa akwai kunya, 'yar gidan mutunci. Na karɓi yabon nan na hau mota da shi. Tun daga Goronyo har Wurno hawaye ke zuba, da aka tambaye ni na ce buhunan albasar da ke cikin motar ne. Daga ranar ba ka sake kama zanena ba.

Ban ce al'adarmu banza ce ba. Ta ba ka uwa biyu, ta ba Goggonka ɗa a lokacin da ɗakinta ba kowa, kuma ta koya mana kawaici. Laifin nawa ne da na fi tsoron bakin mata a kan zuciyar yaro ɗan shekara shida. Na yi kuskure, ina neman ka yafe mini. In Allah ya ba ka naka, ka ɗauke shi a gaban kowa, wanda zai yi magana ya yi.

Ga amsar da ta kamata in ba ka ran Talata. Na ji daɗi, na ji daɗi ƙwarai. Da ka fita na bar shanya na shiga ɗaki na yi sujada. Ina alfahari da kai tun ranar da na ga ka kwance injin babanka ka mayar ya tashi. Tafiyarka kuma ba ɗaya ba ce da zamanka a wurina, tana yi mini ciwo, amma na yarda ka tafi, kuma na sa maka albarka.

Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da shugabanni masu adalci da abokai na gari. Allah ya sa wa abin da za ka samu albarka, ya tsare ka daga haram komai ƙanƙantarta. Allah ya sa shekarar da za mu shiga ta fi wadda muke bari, ya jiƙan babanka, ya ba Goggonka lafiya. Amin.

Abu ɗaya nake roƙo. Ran Asabar kada ka wuce kai tsaye, ka sauka a Wurno ko na rabin awa ne. In ba ka sauka ba, albarkata na tare da kai duk da haka, ba sharaɗi ba ne. In kuwa ka zo, kada ka tsaya a zaure, ka shigo har tsakar gida. Kwana uku ke nan ina shiga ɗakin ajiya ina rufe ƙofa ina gwada kiranka da baki. Jiya ya fito sau biyu, har Kulu ta jiyo ta katanga ta ce, "Yaya, ya iso na?" Ban san ko zai fito a gabanka ba. In ka ga na buɗe baki na tsaya, kada ka tashi, ka ɗan jira ni.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hauwa'u.